Me Ya Sami Idon Jikokin Mafarauta?

A 1969 wata tawagar masu bincike ƙarƙashin Francis Young ta fitar da sakamakon awon ido da ta yi a garin Barrow, can ƙurewar arewacin Alaska, inda mutanen Inuit suka daɗe suna rayuwa da farautar dabbobin teku. An auna iyalai, daga kakanni har jikoki. Cikin manya 131 da suka tashi a irin rayuwar da, mutum 2 kacal aka samu da matsalar rashin ganin nesa. Da aka gangaro kan 'ya'ya da jikoki, sai ga fiye da rabinsu ba sa tantance abu da zarar ya yi nisa. Kaka yana hango motsi a kan ƙanƙara tun daga can, jikansa kuwa sai ya ƙanƙance ido kafin ya karanta rubutun allo.

A wancan zamani yawancin likitoci gado suke ɗora wa laifin, kuma suna da dalili. Yaron da uwa da uba duk suke sa gilashi ya fi sauran yara shiga haɗari, tagwaye masu kama ɗaya kan yi tarayya a matsalar, kuma yau an gano ɗaruruwan wurare a ƙwayoyin halitta da ke da hannu a ciki. Sai dai gado ba ya juyewa tsakanin kaka da jika. Abin da ake gada sai an yi zuriya bayan zuriya kafin ya sauya a cikin al'umma. Ruwa kuwa ba ya tsami banza. Wani abu ne ya shigo garin nan, ya tsallake manya, ya faɗa wa yara.

Kafin a nemi mai laifi, sai an san ɓarnar da aka yi. Mutane kan ce idon yaro ya yi rauni, ko ya fara mutuwa, amma ba haka abin yake ba. Tun farkon ƙarni na 11 Ibn al-Haisam, ɗan Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira, ya kafa hujjar cewa haske ne ke shiga ido daga abin da ake kallo. A 1604 Johannes Kepler ya ƙarasa bayanin: hasken yana lanƙwasa a gaban ido, ya taru ya zama hoto a kan wani siririn tantani da ke shimfiɗe a ƙuryar ido, wanda likitoci ke kira ratina. Duk wanda ya taɓa kallon majigi a filin gari ya san idan aka gama saita na'urar, sannan wani ya ja farin ƙyallen baya, hoton zai yi dishi-dishi alhali na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa a idon yawancin yaran nan ke nan. Jariri kan zo duniya da ƙwayar ido mai tsawon kusan milimita 17 daga gaba zuwa baya, ta yi ta girma har ta tsaya wajen milimita 24. A wasu yaran ba ta tsayawa. Ƙarin milimita ɗaya tak ya isa ya sa duk abin da ya wuce kamar santimita 35 daga fuskar yaro ya fara dushewa, don haka yake kafa hanci a littafi, yake matsowa gaban talabijin, yake kwafar rubutu daga littafin na kusa da shi maimakon allo.

Ashe tambayar ita ce: me ke gaya wa ido ya ci gaba da tsawo, me kuma ke gaya masa ya tsaya?

Littafi aka fara zargi, kuma zargin ya tsufa. A 1867 wani likitan ido a Breslau, Hermann Cohn, ya wallafa awon da ya yi wa 'yan makaranta 10,060. A makarantun ƙauye ba a kai yaro 2 cikin 100 ba, a manyan makarantun birni kuwa an wuce ɗaya cikin huɗu, kuma kowane aji ya fi na ƙasa da shi yawan masu matsalar. A Alaska ma abin da ya raba kakanni da jikoki shi ne zaman aji. Da aka waiwayi gabashin Asiya, inda gasar jarrabawa ta yi tsanani bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sai zargin ya ƙara ƙarfi. A ƙasar Sin masu matsalar sun tashi daga kashi 10 zuwa 20 cikin 100 a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, har suka kusa kashi 90 a tsakanin matasan birane. A Seoul, awon da aka yi wa samari 'yan shekara 19 masu shirin shiga aikin soja ya nuna 96.5 cikin 100. Wayar hannu da iyaye ke tsine wa yau ta iske wutar tana ci ne: a Taiwan tun 1983 kusan kashi 74 cikin 100 na 'yan shekara 18 ke da matsalar, kafin wani yaro ya riƙe waya mai allo.

Amma da aka sauko daga lissafin ƙasashe zuwa yaro ɗaya-ɗaya, aka ƙirga awannin da kowa ke yi a kan littafi, sai hujjar ta yi laushi. Akwai alaƙa, musamman ga mai karatu da littafi dab da fuska na dogon lokaci ba hutu, sai dai ba ta kai girman annobar ba. Makaranta na da hannu, babu shakka. Wane ɓangare na makaranta?

Haske na farko ya fito daga inda ba a zata ba. A 1977 Torsten Wiesel da Elio Raviola, a Jami'ar Harvard, suna binciken ƙwaƙwalwa ne, suka ɗinke fatar ido ɗaya ta jariran birai. Da aka buɗe bayan watanni, idon da aka rufe ya yi tsawo fiye da ɗan'uwansa. Da suka maimaita aikin a cikin duhu ɗungum, tsawon bai faru ba. Wato ba ɗinkin ne ya ja idon ba, dusasshen hoton da ke ratsa fatar ne. Josh Wallman a New York ya ɗauki zancen ya kai shi kan 'yan tsaki. A 1987 ya nuna cewa idan aka dushe rabin abin da ɗan tsako ke gani, rabin idon da ke fuskantar wannan gefen ne kaɗai ke tsawo. Ko da an yanke jijiyar da ta haɗa ido da ƙwaƙwalwa, idon yana ci gaba da wannan aiki. Wannan binciken yana ba ni mamaki duk lokacin da na tuna shi: idon yaro yana auna abin da yake gani, yana daidaita girmansa da kansa. Tun da haka ne, tilas akwai wani saƙo a cikin ido mai cewa ya isa, kuma tilas akwai abin da ke raunana saƙon a rayuwar ɗan makaranta.

A 2007 Donald Mutti da abokan aikinsa na Jami'ar Jihar Ohio suka fitar da sakamakon bibiyar yara sama da 500 a California, waɗanda aka fara da su suna shekara 8 zuwa 9 da lafiyayyen ido. Bayan shekara biyar, ɗaya cikin biyar ya kamu. Awannin karatu ba su bambanta waɗanda suka kamu da waɗanda suka tsira ba. Abin da ya bambanta su shi ne wata tambaya da ba a ɗauke ta da muhimmanci ba tun farko: awa nawa yaro ke yi a waje?

Shekara guda bayan haka Kathryn Rose a Ostireliya ta kawo shaidar da ta fi kowace kaifi. Ta kwatanta yara 'yan asalin Sin masu shekara 6 zuwa 7, wasu a Sidni, wasu a Singafo. Iyayen ɓangarorin biyu kusan daidai suke a yawan masu matsalar, don haka gado ya fita daga zancen. A Singafo kashi 29.1 cikin 100 na yaran sun kamu, a Sidni kashi 3.3. Kuma yaran Sidni sun fi na Singafo karanta littattafai a mako. Bambancin yana nan: yaron Sidni na yin kusan awa 14 a waje kowane mako, na Singafo awa 3.

To mene ne a wajen? An yi tunanin motsa jiki ne, amma wasanni a cikin rufaffen ɗaki ba su ba da kariya ba, alhali zaman hira a fili ya bayar. Saura haske. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin luks. Aji mai fitila da tagogi da wuya ya wuce luks 500. Inuwar bishiya a ranar da gari ya yi wasai tana iya haura 10,000, tsakiyar rana kuwa tana kaiwa 100,000. Idonmu yana sabawa da duhu da sauri, shi ya sa muke ganin aji da haske alhali duhu ne idan aka gwada shi da waje. A Tübingen ta Jamus, Regan Ashby da Frank Schaeffel suka sa 'yan tsakin da aka dushe wa gani a ƙarƙashin haske mai ƙarfi, sai tsawon idon ya ragu ƙwarai. A 2010 suka yi musu allurar da ke toshe aikin wani sinadari mai suna dofamin, wanda ratina ke fitarwa idan haske ya same ta, sai kariyar ta ɓace. Bayanin da ya fi ƙarfi a yau ke nan: hasken rana na sa ido ya fitar da dofamin, dofamin kuma na cikin masu ce wa ido ya dakata. Cohn ma ya yi ta kukan duhun azuzuwa tun 1867, yana neman a faɗaɗa tagogi. Ya kusa kama zaren.

Ɗan tsako dai ba ɗan mutum ba ne, sai an gwada. A Guangzhou, Mingguang He da Ian Morgan suka ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a waje kowace ranar makaranta, suka bar wasu makarantun yadda suke. Bayan shekara uku, a sakamakon da aka wallafa a 2015, kashi 30.4 cikin 100 suka kamu a makarantun da ake fita, 39.5 a waɗanda ba a fita. A Kaohsiung ta Taiwan, Pei-Chang Wu ya sa malaman wata makaranta su riƙa fitar da yara duk lokacin tara, minti 80 a rana, kuma cikin shekara guda sababbin kamuwa sun tsaya a kusan rabin na makarantar da ke maƙwabtaka da ita. Daga 2010 gwamnatin Taiwan ta mai da awa biyu a waje kullum manufar ƙasa, kuma alƙaluman da suka shafe shekaru suna hawa suka juyo ƙasa. Sai annobar korona ta zo ta gwada akasin haka. A Feicheng ta lardin Shandong, bayan kullen 2020, 'yan shekara 6 masu matsalar sun kai kashi 21.5 cikin 100, alhali a shekaru biyar da suka gabaci kullen ba a taɓa wuce 5.7 ba.

Abin da ya shigo Barrow ke nan. Makaranta ta ɗauki yaro a shekarun da idonsa ke girma, ta zaunar da shi cikin ɗaki da littafi a gabansa, ta raba shi da hasken sarari. Gado yana tantance wanda zai fi saurin faɗawa, dogon kallon kusa yana ƙara tura shi.

Wani zai ce ai gilashi ya wadatar. Bai wadatar ba, domin idon da ya yi tsawo ƙwarai yana jan ratina har ta yi siriri. Irin wannan ido ya fi haɗarin yagewar ratina ko ɓallewarta, da hawan jinin ido, da yana tun kafin tsufa. Wani hasashe da Brien Holden da abokansa suka wallafa a 2016 ya ce nan da 2050 kusan rabin mutanen duniya za su kasance da matsalar, kusan biliyan ɗaya kuma mai tsanani. Wanda ya fara da wuri shi ya fi nisa, tun da yana da shekaru masu yawa na girma a gabansa.

Da zarar an san cewa tsawo ne ya yi yawa, auna magunguna ya zo da sauƙi. Tambaya ɗaya ce: wannan abin zai iya gajarta ƙwayar ido, ko ya hana ta ƙara tsawo? Ƙasar Sin ta fi kowa gwada maganin gargajiya a nan. Tun 1963 'yan makaranta ke tausar jijiyoyin da ke kewaye da ido da yatsu a cikin aji, kullum, da kiɗa da ƙirga, kuma a tsawon waɗannan shekarun ne matsalar ta mamaye ƙasar. Maganin soka siraran allurai ma, bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2011 ba ta samu hujjar cewa yana rage gudun matsalar a yara ba. A Amurka William Bates ya fitar da littafi a 1920 yana cewa atisayen ido zai raba mutum da gilashi. Har yau ana tallar dabarunsa a intanet, har da fuskantar rana da ido, abin da ke iya ƙona ratina. Hasken da ake nema na zaman waje ne, kallon ƙwayar rana kuwa ɓarna ce zalla.

A gida, abin da ake fara cewa shi ne a ba shi karas. Karas da zogale da manja da hanta suna da kyau, suna ɗauke da sinadarin bitamin A, kuma su ne maganin dundumi, wato rashin gani da almuru. Dundumi daban, rashin ganin nesa daban. Sai abubuwan da ake ɗigawa: nonon uwa, ruwan sukari, zuma, ruwan albasa, ruwan ganye. Babu ɗayansu da ke isa bayan ido inda matsalar take, kuma wasunsu na shigar da ƙwayoyin cuta ko su ƙona gaban ido, su bar tabon da gilashi ba ya gyarawa. Uwar da ke yin haka so ne ya sa ta, shi ya sa nake ganin ta cancanci a zauna a yi mata bayani a tsanake, ba tsawa ba.

Kwalli yana da gurbinsa a ado da al'ada da addini, ba na jayayya da wannan. Maganata a kan dutsen da ake saye a kasuwa ce, wanda sau da yawa na dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya a Boston da aka samu dalma a jininsa. Da aka auna kwallin da ake sa masa, kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa ɗaruruwan yaran Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani. Jariri yana murza ido, ya kai yatsa baki.

Akwai tsiro ɗaya da ya shiga wannan labari da gaske, kuma mun san danginsa. Sinadarin atirofin da likitoci ke ɗigawa don rage gudun tsawon ido yana cikin tsirrai irin su zaƙami. A Singafo, gwajin da aka wallafa a 2006 ya nuna mai ƙarfin kashi 1 cikin 100 yana tsayar da tsawon ido sosai, amma yana buɗe ɗan baƙin tsakiyar ido har rana ta dami yaro, ya hana shi ganin kusa, kuma idan aka daina matsalar na dawowa da gudu. Aka tsarma shi sau ɗari, illar ta ragu. A Hong Kong, wani gwaji a 2019 ya nuna mai ƙarfin kashi 0.05 cikin 100 ya fi na 0.01 aiki, wani gwaji a Amurka a 2023 kuwa bai ga amfanin 0.01 ba. Dubi ƙanƙantar awon da ake muhawara a kai. Ruwan zaƙami ba shi da awo, guba ne mai gusar da hankali, yana kuma iya kisa. Kada kowa ya kusantar da shi idon yaro.

Sai gilashi, wanda aka fi tsoro alhali shi ya fi aminci. Ana yawan jin uwa na cewa, "Likita, an ce idan ya saba da shi idon zai ƙarasa mutuwa." Dalilin zargin a fili yake: lambar gilashin yaro na ƙaruwa kowace shekara, sai a ɗora wa gilashin, alhali idon ne ke ci gaba da girma, da gilashi ko babu. An ma gwada ra'ayin a Maleshiya, inda aka ba wasu yara gilashin da bai kai ƙarfin da suke buƙata ba. A sakamakon 2002, idonsu ya fi na masu cikakken gilashi saurin lalacewa. A karkarar yammacin Sin kuma, binciken da aka wallafa a 2014 ya tarar kusan 15 cikin 100 kawai na yaran da ke buƙatar gilashi ke da shi, kuma da aka raba kyauta makin lissafinsu ya tashi. Yara nawa ne a azuzuwanmu ake kira daƙiƙai, ake duka, alhali allon ne ba sa gani? Iyaye na iya gwaji mai sauƙi: a huda kwali da allura, yaro ya rufe ido ɗaya ya leƙa ta ƙofar. Idan rubutun nesa ya fito tar, akwai alamar gilashi zai taimaka. Daga nan sai asibitin ido, irin Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, inda za a ɗiga maganin da ke sassauta tsokar cikin ido kafin awo, don ta yaro tana da ƙarfi, tana iya yaudarar na'ura. Gilashin da 'yan talla ke yawo da shi na karatun dattawa ne, kishiyar wanda yaron nan ke buƙata.

Gilashi na yau da kullum yana gyara gani, ba ya hana tsawo. Akwai sababbi masu rage gudun: wanda aka ƙera a Hong Kong mai ɗaruruwan ƙananan ɗigo kewaye da tsakiyarsa, da na liƙawa a ƙwayar ido irin MiSight da Amurka ta amince da shi a 2019, da mai tauri da ake kwana da shi yana danne gaban ido. Duk suna da tsada, na liƙawa kuma na neman tsabtar hannu da ruwa da ba kowane gida ke da ita ba. Tiyatar leza ta manya ce, kuma ko ita ba ta gajarta ido.

A Afirka har yanzu muna da sarari. Wani nazari da ya tattara bincike-binciken nahiyar a 2022 ya sa adadin yara masu matsalar a kusan kashi 5 cikin 100, birane sun fi ƙauyuka. Amma a dubi ranar yaron birni a Kano ko Kaduna ko Maraɗi: mota ko adaidaita ta ɗauke shi da sassafe zuwa gidan haya da aka mai da makaranta, ba fili, tagogi ƙanana; ya dawo ya wuce Islamiyya, ya dawo malamin lesin na jira, da dare waya. Gidan ma ya sauya. Tsakar gidan da ke buɗe ga sama, inda yarinya ke wuni ko da ba ta fita ƙofa ba, ana ta rufe ta da kwano ana mai da ita falo. Ba karatu nake so a rage ba. A fitar da allo da tabarma ƙarƙashin darbejiya, a sa hutun tara ya zama na waje dole, a bar yaro ya samu awa biyu a fili da hantsi ko bayan la'asar, da hula idan rana ta yi zafi, domin inuwa ma ta isa. Masu ba makarantu lasisi su nemi fili da bishiya yadda suke neman aji. Hasken waje ya fi ƙarfi wajen hana matsalar farawa fiye da tsayar da ita bayan ta fara, don haka 'yan nazare da 'yan farkon firamare ne kan gaba. Wanda tuni ya fara sa gilashi kuwa, a riƙa mai da shi awo duk wata shida zuwa shekara har ya doshi ashirin, kuma idan ya fara tun yana shekara 6 ko 7, ko lambarsa na tsalle kowace shekara, a tambayi likitan ido maganar atirofin.